Saƙon da Na Ƙi Kaiwa

Asabar, 27 ga Satumba, bayan la'asar

Bunyaminu ya zo! Alhamdu lillahi. Jikana na fari, ɗan Badamasi, matuƙin jirgin sama. Na rubuta shi da hannuna, hannun da bai riƙe biro ba sai da gemu ya yi fari, a ajin yamma na firamaren Bagudo. Matuƙin jirgin sama. Ko malaminmu na ajin bai taɓa ba mu jimla mai daɗin wannan ba.

Bai aiko cewa yana tafe ba. Ina zaure sai ga kabu-kabu ya tsaya, ya sauko da jaka babba. Kakarsa Sabuwa ta fito ba ko mayafi, tana cewa, "Maigidana ya dawo, tsohon nan sai ka nemi wurin kwana." Shi kuma ya ce mini, "Tsoho, har yanzu kana nan? Na ɗauka in na zo zan tarar ka bar mini matata." Na ce masa ɓarawon mata, ka ci abinci tukuna, wuyanka kamar na zalɓe.

Ya rame. Tafiya ce.

Ubansa yana cikin gida lokacin. Da ya ji muryarsa sai ya bi ta ƙofar baya ya tafi sitonsa na shinkafa. Haka suke. Ɗan fari ne, tun da aka haife shi Badamasi bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba. "Yaron nan" yake ce masa. Haka ni ma ubana ya yi mini, Allah Ya jiƙansa.

Jakar ta yi girma da hutun kwana biyu. Ban tambaya ba.

Lahadi, 28 ga Satumba, hantsi

Na je majalisa gindin ɗorawa da sabuwar hula. Gidaɗo, abokina tun muna kiwon awaki, bai bari na zauna ba.

"Arzika, ashe direban jirgi kabu-kabu shika hawa?"

Na ce, "In ya sauko da jirgin a ƙofar gidanka ina za ka ɗaure shi, turken jakinka?"

Aka yi dariya. Na ci wannan.

Kafin azahar zaurena ya cika. Wani yana son a sama wa ɗansa aiki a filin jirgi, wata tana son kujerar Makka, liman ya kawo zancen rufin masallaci. Na ce wa Bunyaminu ya sa farar rigar nan mai igiya a kafaɗa ya fito su gan shi. Ya ce tana da datti. Ya fito da jallabiya, ya gaishe su, ya koma ɗaki. Bai ba kowa komai ba. Na ce musu gajiya ce.

Litinin, 29 ga Satumba, bayan magariba

Bai fito ba yau. Jikana matuƙin jirgi ne.

Laraba, 1 ga Oktoba, da walaha

Mun je gonar shinkafa ni da shi, a ƙafa. Kogi ya cika, shinkafa ta fara sunkuyawa. Muka wuce fadamar da muka sayar don karatunsa na Zariya, ya kawar da kai, ni ma na kawar.

A can ya yi mini bayani yana dariya, irin dariyar da ba ta kai ciki ba. Ya ce a gaban jirgi mutum biyu ne. Na hagu shi ne kyaftin, na dama mataimaki, shi ke nan Bunyaminu. Duk maɓallin da kyaftin ya sani shi ma ya sani, in kyaftin ya suma shi zai saukar da mutane. Amma a ƙarshen wata kamar ba jirgi ɗaya suka tuƙa ba. Ya ce sabon mataimaki a ƙaramin kamfani irin nasu ba albashi yake tarawa ba, awannin tashi yake tarawa. Sai awanni sun cika ake komawa kujerar hagu, ko manyan kamfanoni su dube ka.

Na ce to tara mana.

Ya ce, "Tsoho, Haliru da ke ja wa Baba babbar mota ya fi ni komawa gida da abu a aljihu. Shi ko ɗakin haya ba ya biya a Abuja."

Na ce Haliru bai taɓa ganin bayan gajimare ba.

Ya ce, "Mai gidan haya bai karɓar gajimare."

Akwai wani abu da ya faru a kamfanin nasu. An ajiye wasu jirage, an ce wasu su jira a gida. Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Ban tambaya ba.

Juma'a, 3 ga Oktoba, bayan sauko masallaci

Badamasi ya zo zaure ya durƙusa ya cire hula. Na san zancen saƙo ne.

Duk abin da zai gaya wa yaron nan ta bakina yake bi. Zancen makarantar kwana ta bakina, faɗan da aka yi masa da ya fasa fitilar mota ta bakina, har addu'ar da ubansa ya yi masa ranar da zai tafi Zariya ni na ɗauka daga ɗaki zuwa ɗaki. Kuma saƙon da ya fito daga uba ya bi ta bakin kaka ba a mayar da shi. Nauyin mutum biyu ne. Bunyaminu bai taɓa cewa a'a ba.

Badamasi ya ce, "Baba, a gaya wa yaron nan na kama sito a Segbana, tsallaken iyaka, bakin kasuwa. Ina son wanda ya yi boko shi riƙe mini wancan ɓangaren. Shi bar aikin nan haka. An gwada."

Na ce, "An gwada mi?"

"Baba, kun ga wuyansa."

Na ce na gani.

"Uwarsa ce ke tura masa na abinci a ɓoye. Ta ɗauka ban sani ba. Mutum shi ɗauki rayukan mutane sama, shi sauko shi jiƙa gari?"

Na ce, "Na ji. Ba zan kai ba."

Ya ɗago ya dube ni, abin da bai saba ba.

Na ce, "In kana son ɗanka shi bar tuƙin jirgi, ga shi can ɗaki. Je ka gaya masa da bakinka."

"Subhanallahi, Baba. Ni?"

Na ce kai.

Ya mayar da hularsa ya fita. Rubutun nan duk ya karkace. Ba zan kai ba.

Asabar, 4 ga Oktoba, da safe

Ba zan kai ba.

Lahadi, 5 ga Oktoba, bayan la'asar

An turo mini Barira, uwar yaron. Ta tsaya bakin ƙofa ta gaishe ni har sau uku ta kasa cewa komai, ta koma. Sai aka turo Sabuwa, ita kam ba ta kasawa.

"Malam, kai ka haifi yaron ko su?"

Na ce ni na haifi wanda ya haife shi.

"To ni dai ina son in ga mijina ya yi kumatu kafin in mutu. Segbana ga ta nan, in ya yi atishawa zan ji. Kai abin da ke damunka Gidaɗo ne."

Na ce Gidaɗo ɗin banza.

Ta ce, "Ai shi na ce."

Ta ajiye mini fura ba ta dama ba.

Talata, 7 ga Oktoba, azahar

Abokinsa Obinna ya kira, wanda suke ɗaki ɗaya a Abuja. Bunyaminu ya saki muryar wayar don in ji. Yaron yana jin Hausa, ya ce, "Baba, ina wuni, yaya ƙarfin jiki?" Yaron kirki. Suka koma Turanci, ni kuma Turancina na ajin yamma ne, amma na tsinci Legas, na tsinci ranar ashirin ga wata.

Bayan ya kashe na matsa masa. Ya ce kowane matuƙi sai an riƙa sake gwada shi lokaci lokaci, a cikin wata na'ura mai kama da gaban jirgi. Nasa gwajin ranar Litinin ashirin ga wata ne a Legas. In ya je, yana cikin layi, duk ranar da aka tayar da jiragen za a kira shi. In bai je ba sunansa ya fita, kuma komowa daga baya ba abu ne na ɗan manomi ba.

Na ce Obinna fa?

Ya ce Obinna ya ajiye. Ya samu aikin ofis. Wani abokinsu kuma yana neman hanyar ƙasashen Larabawa, amma can ɗin ma awanni suke tambaya. "Kowa awanni, Tsoho. Ba wanda ke tambayar mi ka ci."

Laraba, 8 ga Oktoba, bayan la'asar

Ba na son rubuta wannan. Zan rubuta.

Ya same ni ina gyaran igiyar guga. Ya zauna ba wasa ba tsokana.

"Tsoho, an ba ka saƙo?"

Na ce an ba ni.

"To?"

Na ce na ajiye shi inda ɓera ba ya kaiwa.

"Gidan nan kowa ya san abin da ke cikinsa, har kaji. Ka faɗa mini kawai. In ka faɗa zan ce to, in huta."

Na ce shi ya sa ba zan faɗa ba.

Sai ya tashi tsaye. Ya ce, "Kai kake tashi sama a gindin ɗorawa, ni nake kwana da yunwa a Abuja. Ka taɓa wanke riga ɗaya da dare ka busar da ita da fanka don gobe mutane su ce ga matuƙi? Ka taɓa tafiya filin jirgi a ƙafa daga bakin titi kana ɓoye igiyar kafaɗarka kada a gane?"

Na ce masa fita.

Ya fita. Bai taɓa yi mini magana haka ba. Ni ma ban taɓa korarsa ba.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Ban je majalisa ba.

Juma'a, 10 ga Oktoba, da yamma

Ruwa tun safe. Ya gaishe ni, na amsa. Shi ke nan.

Lahadi, 12 ga Oktoba, bayan magariba

Na sa Haliru ya kai ni Segbana. Ban gaya wa kowa ba. Na ce in zan yi faɗa da abu gara in gan shi da idona.

Mun bi ta Tsamiya, bakin iyaka. Jandarman can ya dube ni ya ce da Dandanci tsoho ina za shi, Haliru ya ce ziyara. Rabona da tsallakawa tun ina kai goro a keke.

Ba zan yi ƙarya a littafina ba. Siton yana da kyau. Ƙofar ƙarfe, daɓen siminti, motoci suna tsayawa a gabansa. Akwai ɗaki a baya da rijiya. Mai tuwo tana kusa. Mutum zai yi aure a nan, ya yi kumatu, ya zo gida kowace Juma'a. Badamasi ba wawa ba ne, kuma ba mugu ba ne. Na zauna kan benci na daɗe ina kallon ƙofar.

A hanyar dawowa Haliru ya ce, "Baba, ni fa da zan samu in shiga jirgin nan sau ɗaya, ko a tsaye." Na ce ja motarka.

Abin da yaron ya faɗa ranar Laraba, akwai gaskiya a ciki. Ina son a ce jikan Arzika ne. Ina so, ba na musu. Amma ko an cire wannan, ga abin da ya rage. In na kai saƙon nan, ubansa zai ce ai ta bakin Baba ya bi, yaron zai ce ai umarni aka ba ni, ni kuma in ce ai aike ne. A rufe shekarun nan duka, a rasa wanda ya rufe. To ba da bakina ba. In za a yanka abin nan, mai wuƙa ya tsaya a gabansa.

Talata, 14 ga Oktoba, hantsi

Sun taso mini da dattawa. Gidaɗo da liman, har zaure. Gidaɗo yau ba dariya.

"Arzika, wanga abu bai dace ba. Ka tilasta wa mutum shi dubi ɗan farinsa shi yi masa magana? Ina kunya? Mu Fulani aka sani da wannan, ku kuka koya gare mu, yanzu kai za ka zubar?"

Na ce, "Kunyar nan ni na riƙe musu ita tun yaron yana zanen goyo. Na gaji. Bayana ya yi ciwo."

Liman ya ce a yi haƙuri, saƙo amana ne. Na ce gaskiya ne malam, shi ya sa ban karɓa ba. Na gaya wa mai shi a fuskarsa. Liman ya shafa gemu.

Gidaɗo ya ce, "Taurin kai dai har kabari."

Na ce in ka riga ni ka share mini wuri.

Ya so ya yi dariya, ya haɗiye.

Laraba, 15 ga Oktoba, bayan la'asar

Badamasi ya gaishe ni daga tsaye. Ya ce, "Baba, kun shiga tsakanina da ɗana." Na ce yau na fita.

Litinin tana matsowa. Jakar tana nan a ƙarƙashin gado, Sabuwa ta ce bai ko fara haɗa kaya ba.

Alhamis, 16 ga Oktoba, da safe

Shiru. In Litinin ta wuce a haka, ba a faɗa ba, ba a tafi ba, to ni na yi wannan. Ban ci abin kari ba. Duk da haka ba zan kai ba.

Juma'a, 17 ga Oktoba, bayan la'asar

Ya Allah. Bari in bi a hankali kada in tsallake wani abu.

Mun sauko daga masallaci, ina zaure, Bunyaminu yana gefe yana yanke mini farce, don jiya mun ɗan shirya. Sai ga Badamasi. Yaron ya miƙe zai fita kamar kullum. Badamasi ya ce, "A zauna." Ni na yunƙura zan ba su wuri, su biyun suka ce in zauna, baki ɗaya.

Badamasi ya zauna bakin ƙofa ya ba yaron kafaɗa, yana fuskantar bango. Yaron shi ma ya dubi nasa bangon. Ni a tsakiya kamar tukunyar da aka manta.

Badamasi ya gaya wa bango, "Akwai sito a Segbana."

Bunyaminu ya gaya wa nasa bangon, "An ji."

"Yana son mai riƙewa."

"An gode."

Akuya ta leƙo ta koma. Na ce a raina shi ke nan, yanzu zai ce a je a karɓi makulli, yaron ya ce to.

Sai Badamasi ya ce, "Can ɗin mi ake ci?"

Yaron ya faɗa. Bai ƙara ba, bai rage ba. Badamasi yana jan carbi.

"In an koma, sai yaushe abin zai gyaru?"

"Shekara uku. Ko huɗu. Ko fiye, in jiragen sun daɗe a ajiye. Ba a sani ba."

"Ba a sani ba," in ji Badamasi. "To mi ake nema a ciki?"

Sai yaron ya fara ba bango labari. Wata rana a daminar bara suna zuwa Birnin Kebbi, hadari ya rufe gari, iska tana tura jirgin gefe. Kyaftin ya ɗauke hannunsa ya ce masa naka ne. Ya ce bai ga titin sauka ba sai da suka fito ƙasan gajimare, ga shi nan a jiƙe yana sheƙi, ba a gabansu ba, a gefe. Ya karkato da hancin jirgin cikin iska, ya riƙe, ya riƙe, ya ajiye shi. Ya ce da mutane suna fita wata tsohuwa mai kwando ta leƙo ta ce Allah Ya yi wa uban da ya haifi direban nan albarka, kyaftin ya nuna shi ya ce ga direban.

Ban san lokacin da Badamasi ya juyo ba. Na dai ga ya bar bango.

Ya ce, "Kai ka saukar da shi? Da hannunka?"

Yaron ya ce, "Ni, Baba."

Badamasi ya ji abin da ya fito daga bakinsa, "kai" ya ce wa ɗan farinsa. Ya sunkuyar da kai, ya laluba takalminsa, ya sa na dama a hagu. A bakin ƙofa ya ce, "Siton na nan har ƙarshen wata. Ban ce a je ba, ban ce kada a je ba." Ya fita.

Na ce wa yaron ƙarasa mini farcen. Ya yanke ni har jini.

Asabar, 18 ga Oktoba, da walaha

Ya zo mini da sassafe, idonsa ja.

"Tsoho, ina da saƙo zuwa wurin Baba."

Na ce na yi ritaya.

"Don Allah."

Na ce siton ubanka yana bayan tasha, ka san hanya.

Ya tsaya yana dubana. Ya ce, "Wallahi in ka mutu ba zan yi maka kuka ba, matarka kawai zan ɗauka." Na ce ɗauki, ta fi ƙarfinka. Ya tafi. Bai gaya mini abin da ya zaɓa ba, ni kuma na riƙe bakina, Allah Ya sani da ƙyar.

Ya daɗe a can. Ban san abin da aka ce ba.

Asabar, bayan azahar

Barira tana hura gawayin dutsen guga. Farar riga a kan igiya.

Lahadi, 19 ga Oktoba, hantsi

Ya tafi. Jirgin yamma zai bi daga Birnin Kebbi, gobe gwaji a Legas. Ba a ce an tayar da jiragensu ba. Ba a ce albashi ya ƙaru ba. Zai koma ɗakin nan shi kaɗai, tunda Obinna ya tashi. Na sani. Duk na sani.

Sabuwa ta yi kuka ta ce ni na kore mata miji. Ta cusa masa kilishi da busasshen kifi a jaka. Badamasi ya sa an ɗora buhun shinkafa da jarkar man gyaɗa a but ɗin ƙaramar motarsa, a ba motar Abuja a Birnin Kebbi, ya ce wa Haliru duk sanda mota za ta bi ta Abuja a riƙa ajiye wa yaron nan irin wannan. Siton Segbana zai mayar wa mai shi, ya yi asarar kafin alƙalami. Ni bai dube ni ba tun safe. Zai huce, ko kada ya huce.

Haliru ya buɗe ƙofa zai shiga mazaunin direba, Badamasi ya miƙa hannu ya karɓi makulli. Ya ce Haliru ya tsaya, akwai lodi. Babu wani lodi, yau Lahadi.

Yaron ya nufi kujerar baya. Badamasi ya ture ƙofar gaba da hannu, yana kallon wani wuri.

Na tsaya har suka sha kwanar hanyar gadar Tuga. Daga nan zuwa Birnin Kebbi tafiya ce mai tsawo, su biyu kaɗai a mota, ba bango. Ban san abin da za su ce wa juna ba, kuma ba wanda zai zo ya ba ni in kai.